Buzuzun da Nazeefa Ta Haɗiye

Injiniya Abdulmajeed Kure ya kusa shekara talatin yana tara buzuzu. Ba mai rai ba, na dutse: 'yan ƙanana da mutanen Masar na zamanin Fir'aunoni suka sassaƙa, suka shafe su da kore ko shuɗi, suka gasa a wuta har suka yi sheƙi. Ya fara ne tun yana ɗalibi a Alƙahira, lokacin da aka tura shi karatun gina madatsun ruwa, kafin hukumomin can su hana sayar da irin waɗannan kaya. Na farko wani tsoho mai shago ne ya sayar masa, ya haɗa masa da takardar shaida. Sauran kuwa ya samo su ɗai-ɗai a wajen masu gwanjon kayan tarihi, duk sanda aiki ya kai shi Turai. A shekarar 2006, yana darakta a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, saura 'yan watanni ya yi ritaya, yana da guda ashirin da uku a cikin wani akwatin katako mai gurbi-gurbi, kowane gurbi da shimfiɗar auduga.

Matarsa Hajiya Lantana ta daɗe da sallamawa. Takan ce wasu mazan tattabara suke kiwo, wasu doki, nata kuwa Allah ya haɗa shi da ƙwaron kashi, kuma ta gode tunda ba ya cin hatsi. Wanda abin bai kwanta masa ba shi ne surukinsa Nazeer, mijin autarsu Sumayyah. Nazeer ma'aikacin banki ne, mutum mai riƙo da addini. Bai taɓa furtawa ba saboda kunyar suruki, amma in aka buɗe akwatin a gabansa sai ya tuna akwai wayar da zai buga a waje. A ganinsa layun masu bautar gumaka ne, ba su dace da gidan Musulmi ba. Sumayyah ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya wa Injiniya, shi kuma ya yi kamar bai ji ba.

Wata ranar Asabar da hantsi Sumayyah da Nazeer suka tafi ɗaurin auren wani abokin aikinsa, suka ajiye 'yarsu Nazeefa a gidan kakanninta da ke Kado. Shekararta biyu da rabi, kuma ba ta zama wuri ɗaya. Jim kaɗan Hajiya ta yafa mayafi.

“Alhaji, ga amaryarka nan. Zan shiga kasuwar kifi in dawo. Ka sa mata ido, don Allah.”

“Je ki abinki,” in ji shi. “Ni da amaryata muna da hira.”

Da ma ranar Asabar yake goge kayansa. Ya ɗauko akwatin ya ɗora a kan teburin falo, yarinyar ta zo ta dafa gwiwarsa tana leƙe. Shi kuwa mutum ne da in ya sami mai saurare ba ya duba shekarunsa. Ya ɗaga mata babban cikinsu, wani baƙi mai cika tafin hannu, ya ce wannan a ƙirjin mamaci ake ɗora shi, an rubuta roƙo a ƙarƙashinsa cewa kada zuciya ta ba da shaidar mugun abu a kan mai ita ranar awon ayyuka a lahira. Nazeefa ta ce, “Ƙwaro.” Ya ce ta yi gaskiya.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Daga ofis ne, kan wata takarda da ake so ranar Litinin. A falon ba a ji sosai, sai ya rufe akwatin ya fita baranda. Murfin kawai ya sauke, bai sa sakata ba. Bai fi minti biyar ba ya dawo.

Ya tarar da akwatin a buɗe, uku suna kan kafet, Nazeefa tana tsaye tana goge baki da bayan hannu. Ya tsince su ya mayar. Gurbi ɗaya ya rage babu komai sai auduga. Mafi ƙanƙanta ne ya ɓata, wani ɗan shuɗi mai sirkin kore, bai fi ƙwayar gurjiya ba. Ya durƙusa ya duba ƙarƙashin tebur, ya ture kujeru, ya karkaɗe kafet, ya laluba aljihun rigarta. Babu.

“Nazeefa, ina ɗan ƙaramin? Ɗan shuɗin nan?”

Ta wangale baki ta nuna ciki da yatsa. “Alewa,” ta ce, ta yamutsa fuska. “Ba daɗi.”

“Tofar! Tofar mini a hannu!”

Ta buɗe tafukanta biyu. “Ya tafi.”

Injiniya ya yi salati da ƙarfi har yarinyar ta firgita. Ya ɗauke ta ya kara kunnensa a ƙirjinta. Tana numfashi daidai, ba tari, ba kakari. Ya ciro wani buzuzun mai kama da wanda ya ɓata ya jefa a aljihu, ya zari makullin mota, ya kira Hajiya. Hayaniyar masu kifi ta cika wayar.

“Bar kifin nan ki fito bakin titi. Yarinyar nan ta haɗiye buzuzu.”

“Ta haɗiye me?”

“Ki fito dai!”

Hajiya ta shiga mota da ledar tarwaɗa a hannu, kifin ma bai gama mutuwa ba. Ta karɓi jikarta ta rungume. A lokacin gari ko'ina gini ake yi, tirelolin siminti da motocin tsakuwa sun cika hanya. Mutumin da bai taɓa danna ham a banza ba, ranar ya danna har ya gaji.

A wani asibitin kuɗi da ke Wuse suka sami likitar yara, Dakta Juliet, wata 'yar gajeruwar mace 'yar asalin Kwali. Hausarta irin ta Abuja ce.

“Oga, me yarinya ya haɗiye?”

“Buzuzu.”

Ta ɗago kai daga takarda. “Mai rai?”

“Na dutse. Daga Masar. Ya haura shekara dubu uku.” Ya ciro na aljihunsa ya miƙa mata. “Irin wannan ne, sai dai bai kai shi girma ba.”

Ta mirgina shi tsakanin yatsunta, ta shafa gefensa, ta leƙa ɗan ramin da ya ratsa shi daga kai zuwa gindi. Ya ce nan ake zura zare a rataya. Ta tambaye shi ko akwai ƙarfe a jiki, ya ce babu. Ko yana narkewa a ruwa, ya ce abin da ya shekara dubu uku a ƙasa bai narke ba. Ta ce to madalla, babu kaifi, babu tsini, a je a ɗauki hoton cikin.

Suna jiran hoton iyayen suka iso, da kayan biki a jikinsu, don Hajiya ta kira su tun a hanya. Sumayyah ta faɗo ɗakin ta fizge 'yarta tana kuka tana dudduba ta, yarinyar kuwa sai wasa take da ɗankunnen uwar. Nazeer ya rusuna ya gaida surukinsa kamar kullum, amma bai dubi fuskarsa ba.

Dakta Juliet ta manna hoton a jikin fitila. Ga 'yan haƙarƙarin yarinyar, ga wani ɗan farin abu mai siffar ƙwai can ƙasa ta hagu.

“Kun gan shi nan. Bai shiga hanyar iska ba, bai tsaya a maƙogwaro ba, ya sauka cikin ciki. Wannan shi ne labari mai daɗi. Abin da ya wuce nan, yawanci yana fita da kansa, kwana uku, huɗu, wani lokaci sati. Kada ku ba ta maganin wankin ciki. Ta ci abinci kamar kullum. In ta yi amai, ko zazzaɓi, ko ciki ya kumbura, ko kun ga jini, ku kawo ta nan take. Kuma duk bayan gidan da ta yi, a duba.”

“In bai fita ba fa?” in ji Sumayyah.

“Sai mu zura bututu mu ciro. Amma ban ga alamar za mu kai can ba.” Ta mayar wa Injiniya buzuzunsa. “Oga, ni a gona na girma. Wannan ƙwaro, inda ya nufa yanzu ai gidansu ne. Ya san hanya.”

Hajiya Lantana ce kaɗai ta yi dariya, ita ma da hawaye a ido.

A barandar asibitin, mata sun yi gaba, Nazeer ya rage tafiya har suka jera da surukinsa. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana.

“Baba, ka gafarce ni, ba rashin kunya ba ne. Abin nan da ke cikin yarinyar nan, laya ce ko ba laya ba ce?”

Injiniya ya tsaya. Ya ga ba ranar kewaye-kewaye ba ce.

“A wajen waɗanda suka yi shi, laya ce. Ba zan ɓoye maka ba. Sun ga buzuzu yana mirgina dunƙulen kashi, sai suka ce haka ake turo rana kowace safiya daga gabas. Sun ga 'ya'yansa suna fitowa daga cikin dunƙulen da aka binne, ba su san ƙwai ya saka a ciki ba, sai suka ɗauka daga babu yake samuwa. Shi ya sa suka mai da shi alamar sabuwar rayuwa da tashi bayan mutuwa. Suna ratayawa, suna buga hatimi da shi, suna binne matattunsu da shi. A wajena kuwa dutse ne, Nazeer. Ba ya amfanarwa, ba ya cutarwa, sai irin cutar da kowane dutse zai yi in ya shiga cikin yaro.”

“Me aka rubuta a jikinsa?”

“Alama biyu. Ɗaya tana nufin rai, ɗaya alheri. Akwai waɗanda ke ɗauke da sunan abin bautarsu a cikin akwatin, amma wannan ba ya cikinsu.”

Nazeer ya gyaɗa kai a hankali. “Zan yi mata tofi duk da haka.”

“Ka yi mata duk addu'ar da ka sani. Ni ma ita zan yi. Kuma laifin nan nawa ne, ni na bar akwatin ba sakata.”

“Allah ya kiyaye gaba,” in ji Nazeer, ya wuce wajen motarsa.

Washegari da sassafe Injiniya ya isa gidan su Sumayyah a Lugbe da safar hannu ta roba kwali guda, da sabuwar rariya, da ɗaurin tsinken tsire. Sumayyah ta buɗe ƙofa ta ga kayan, ta gane.

“Haba Abba! Ka bari, ni zan yi.”

“Ni na jawo, ni zan duba.”

Haka aka yi. Mutumin da ake miƙewa in ya shiga ɗakin taro, ga shi tsugune a banɗakin 'yarsa da fo ɗin Nazeefa a gabansa, ya naɗe hannun riga, tabarau a kan hanci, yana tonawa da tsinke yana tacewa a ƙarƙashin famfo. Ranar Lahadi sau biyu, ba a sami komai ba sai ɓawon wake. Nazeefa ta ga abin ya zama wasa. Da zarar ta hango shi sai ta ɗauko fo ta zauna, ta tashi ba ta yi komai ba, tana ƙyalƙyala dariya. Abinci kuwa ya ƙi wuce masa. In an kawo sai ya ce ya ci a gida, in ya koma gida ya ce ya ci a Lugbe.

Ranar Litinin ya aika ofis cewa yana da uzuri, shi da Hajiya suka wuni a Lugbe. Bayan azahar yarinyar ta fara kuka tana riƙe ciki tana murƙususu. Ba wanda ya tsaya neman takalmin kirki. Hanyar Lugbe zuwa Wuse ba ta taɓa yi masa tsawo haka ba. Yana tuƙi yana jin kukan a bayansa, yana ƙiyasta abubuwan da ba ya so ya ƙiyasta. Kafin su isa kukan ya tsaya, shirun ya fi ba shi tsoro, sai Sumayyah ta ce barci ta yi.

Dakta Juliet ta danna cikin nan da can, ta sa aka sake hoto. Ɗan farin abin ya bar inda yake, ya gangara ƙasa sosai.

“Ya yi tafiya mai nisa, ya kusa ƙofa. Me kuka ba ta yau?”

Sai Hajiya Lantana ta ce gwanda ce, don ta taimaka wa buzuzun ya sauka.

“Kamar yaya, Mama?”

“Rabi da safe. Rabi da rana.”

“Gwanda guda ke nan, ga yarinya ƙarami haka! Ko ni zan yi kuka. Iska ce ta cika mata ciki. Ku tafi gida.”

A hanyar komawa Kado, su biyu kaɗai a mota, Injiniya ya ce ya yanke shawara. In Allah ya sa abin ya fito lafiya, zai kwashe akwatin ya bai wa wata jami'a, ko gidan adana kayan tarihi, ya huta. Hajiya ta dube shi. Ta ga yadda idonsa ya faɗa cikin kwana biyu.

“Bari ya fito tukuna. Ba a yanke shawara da yunwa.”

Talata ta zo ta wuce, ba labari. Ranar Laraba akwai taron da ba yadda zai yi ya ƙi zuwa. Ya zauna ana maganar kwangilar bututun ruwa na sababbin unguwanni, bai san me ya amsa ba, bai san me ya ƙi ba. Ana tashi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya kama hanyar filin jirgi wadda ke bi ta Lugbe. Ya tarar da cunkoso, wata motar yashi ta lalace ta tare rabin titi. Yana cikin wannan jerin gwano wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ga sunan Nazeer. Tun da aka yi auren, surukin nan bai taɓa kiransa kai tsaye ba, kullum ta bakin Sumayyah saƙo ke zuwa. Ya ɗauka.

“Baba, ya fito.”

“Na'am?”

“Ya fito, Baba. Yanzun nan. Lafiyarta ƙalau, ga ta nan tana neman shayi.”

Injiniya ya gangara da motar gefen titi ya kashe. Ya fito, ya dubi gabas, ya kai goshinsa ƙasa a kan jar ƙasar nan, da farar babbar rigarsa da komai. Masu motocin da ke tsaye suna kallonsa, wani direban bas ya leƙo ya ce, “Oga, lafiya?” Ya ɗago ya ce lafiya lau, lafiya ce ta kawo haka.

Da ya isa Lugbe Nazeefa ce ta fara tarbarsa, da kofin shayi a hannu da rabinsa a gaban riga. Ya ɗaga ta sama ya sauke, ya sake ɗagawa, har ta ce ya bari. Hajiya ta riga shi zuwa da tasi, suna kicin ita da Sumayyah, muryoyinsu sun dawo irin na da.

Nazeer bai je aiki ba ranar. Shi ya duba fo ɗin, shi ya ji tsinke ya taɓa abu mai tauri. Ya shigo falo da ɗan faranti ya ajiye a gaban surukinsa. Buzuzun yana tsakiya, an wanke shi da sabulu da ruwan zafi, shuɗinsa yana nan yadda yake, ko ƙwarzane babu.

Nazeer ya zauna a ƙasa, gefen kujera. “Baba, gara in faɗa maka gaskiya. Na tsaya da shi a kan masai, saura kaɗan in sake shi in kora ruwa, in ce muku ya wuce ban gani ba.”

“Da ka yi, da ban ga laifinka ba. Me ya hana ka?”

“Ba nawa ba ne. Kuma da na yi haka, da sai an sake kai ta hoto.” Ya dubi farantin. “Da nake wankewa na juya ƙasansa. Zanen nan bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma kowane layi a miƙe. Da me suka yi shi? Ba su da tabarau fa.”

Injiniya ya ce dutsen yana da laushi kafin a gasa shi, ɗan tsinken tagulla ma yana yanka shi, wuta ce ke sa ya yi tauri. Ya nuna masa da bakin farce wace alama ce rai, wace ce alheri, ya nuna masa inda mai sassaƙar ya fitar da ƙafafu shida a gefe da tsagin fukafukai a baya. Nazeer ya matso ya duba da kyau, bai taɓa ba. Sannan Injiniya ya gaya masa shawarar da ya yanke ta bayar da akwatin.

“Wannan kai za ka yanke, Baba. Ni dai ra'ayina a kan ajiye su bai canja ba, kuma ka sani. Amma kada ka bayar saboda mu. Na san wani kafinta a nan bayanmu, Musbahu, yana yin kabad mai gilashi da makulli, a kafa shi a bango can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.”

“Zan yi tunani,” in ji Injiniya. Ya naɗe buzuzun a hankici ya sa a aljihun gaba.

Sumayyah ta kira likita ta gaya mata, aka ji dariyar Sumayyah har falo. Sai ga Hajiya da tire: tuwon shinkafa, miyar taushe, da farfesun tarwaɗa. Ba ta tambaye shi ko ya ci a wani wuri ba, ta ajiye kawai ta zuba masa ruwan wanke hannu. Ya ci malmala biyu, ya nemi ƙari, ya shanye romon farfesun har da ɗaga kwano. Ya jingina da kujera ya ce bari ya ɗan huta kafin a kira azahar, ya fara ba Nazeer labarin wani malaminsu na Alƙahira, bai kai ƙarshen labarin ba kansa ya langaɓe. Hularsa ta zame ta faɗo kan kafaɗa, jar ƙasar bakin titi tana nan a goshinsa.

Sumayyah ta zo za ta tashe shi ya koma ɗaki, Nazeer ya ɗaga mata hannu. An ɗauke wuta tun safe, falon ya ɗau zafi. Ya ɗauki Nazeefa ya saɓa a kafaɗa don kada ta haye jikin kakanta, ya fita ta ƙofar baya a hankali, ya tayar da janareta don fanka ta juya.